Kada A Bari Malami Ya Ɓace: Yadda Ake Tsaya Wa Malamin Da Hukuma Ta Tsare

Tsofaffin malaman Samaru ba su manta da shekarar 1988 ba. A cikinta ne jami'an tsaro suka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika da ya shafe shekara 18 yana koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wuce da shi Legas, aka ɗora shi a jirgi sai Landan, ba tare da ya ga fuskar alƙali ba. A cikinta ne kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, aka tsare wasu daga cikin shugabanninta, har da Dakta Attahiru Jega da Dakta Festus Iyayi. Shekara biyu kafin nan, bayan kisan ɗalibai na ranar 23 ga Mayun 1986, kwamitin binciken da Janar Emmanuel Abisoye ya jagoranta ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba don shi ake biyansu albashi ba, zargin da har yau ake jin amonsa duk sa'ad da malami ya faɗi abin da bai yi wa masu iko daɗi ba.

A wancan zamani Dokar Soja ta 2 ta 1984 ce ke aiki, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba shari'a, ta kuma ɗaure wa kotuna hannu. An soke ta a 1999. Yau doka, a rubuce dai, tana bayan wanda aka tsare, sai dai ba ta da ƙafar da za ta kai kanta caji ofis, dole sai wani ya ɗauke ta ya kai. Wannan bayani na masu ɗaukar ne: abokan aikin malamin, iyalinsa, ɗalibansa, da shugabannin ƙungiyarsa, ko a Samaru suke, ko a Kongo, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ko a wata makarantar gaba da sakandare a garin nan na ilimi, wato Zariya.

Babban haɗarin da ke gaban malamin da aka tsare shi ne ɓacewa, kuma ɓacewar hawa uku ce. Jikinsa yana iya ɓacewa, a rasa wanda zai ce ga inda yake. Maganarsa tana iya ɓacewa, ya zamana labarin waɗanda suka kama shi kaɗai ake ji. Aikinsa ma yana iya ɓacewa, a tsayar da albashi, a raba kwasa-kwasansa, ɗalibansa su watse, ya fito ya tarar an gama rayuwa ba shi. Duk matakin da zan ambata a nan don toshe ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ne.

Ya kamata a rarrabe abu biyu tun da wuri. Haƙƙin ɗan Adam na kowa ne, har da malamin da ake zargi da cin kuɗin bincike ko neman ɗaliba da alkawarin maki. Shi ma ba a dukansa, ba a ɓoye shi, ba a hana shi lauya. Amma 'yancin ilimi bai zama rigar da za a lulluɓe laifi da ita ba. Ana kiran sunansa ne idan an kama mutum saboda abin da ya koyar, ko ya bincika, ko ya rubuta, ko ya faɗa a fagen da ya ƙware, ko saboda aikin ƙungiya. Ƙungiyar da ta saba kiran kowace tuhuma zalunci, ranar da zaluncin gaske ya zo ba za a saurare ta ba. Satar mutane don kuɗin fansa kuwa, wadda makarantun Zariya suka ɗanɗana, wani babi ne daban da ba shi nake magana a kai ba.

Shirin da ake yi tun kafin a buga ƙofa

Rigakafi a nan bai wuce takarda ɗaya ba. Duk malamin da bincikensa ya taɓa tsaro, ko filaye, ko addini, ko kuɗin gwamnati, ya kamata ya bar wa iyalinsa da wani amintaccen abokin aiki sunan lauyan da za a kira, jerin magungunan da yake sha, da inda kwafin takardun ɗaukarsa aiki suke. Idan zai fita aikin tattara bayanai zuwa ƙauyukan Giwa ko Birnin Gwari, ko zai tsallaka wata ƙasa, ya tafi da takardar gabatarwa daga sashensa, ya kuma ajiye lokacin da zai riƙa kiran gida, da sharaɗin cewa idan lokacin ya wuce ba a ji shi ba a fara nema nan take. Giulio Regeni, ɗan Italiya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Kambirij, yana binciken ƙungiyoyin ƙwadago a Alƙahira ya ɓace ranar 25 ga Janairun 2016, aka tsinci gawarsa ranar 3 ga Fabrairu da alamun azabtarwa. Kwana tara ke nan kacal tsakanin ɓacewa da gawa.

Yini biyu na farko

A nan ne aka fi yin asara, domin a nan ne kowa ke cikin ruɗu. Aiki na farko shi ne a tabbatar da wace hukuma ce ta ɗauke shi, kuma ina ta ajiye shi. Wanda ya ga kamun ya zauna ya rubuta, tun ƙwaƙwalwa ba ta fara ƙari da ragi ba, ƙarfe nawa aka zo, mutum nawa, da kaki ko farin kaya, wace irin mota, lambarta idan an gani, me suka ce, sun nuna takardar izinin kamu ko ta bincike ko ba su nuna ba, da abin da suka ɗauka a gida ko ofis. A sa kwanan wata, a sa hannu. Wannan takarda ita ce za ta zama ƙashin bayan takardar rantsuwar da lauya zai kai kotu.

Daga nan sai a raba ƙafa. Wasu su nufi ofishin 'yan sandan yankin da aka yi kamun, wasu babban ofishin shiyya, wasu ofishin hukumar tsaro ta farin kaya, kuma a sa rai cewa ana iya wucewa da shi Kaduna ko Abuja tun a daren. Kada mutum ya je shi kaɗai, kada kuma a je da taron ɗalibai masu ihu, domin taron yakan ba da hujjar ƙarin kamu. Mutum biyu ko uku masu natsuwa, da lauya a cikinsu, sun wadatar. Magana ta zama mai ladabi kuma a fili: "Yallaɓai, mu abokan aikin Malam ne daga sashe kaza, ga lauyansa, ga ƙaninsa. Mun zo mu tabbatar ko yana hannunku, mu san laifin da ake tuhumarsa da shi, mu kuma ba shi maganinsa." Duk amsar da aka ba ku, ku rubuta ta da sunan jami'in da lokacin. Idan an ce ba ya nan, lauya ya bi bayan ziyarar da wasiƙa a ranar, a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Musun baki yana da sauƙi, amma hukuma takan yi tunani sau biyu kafin ta musanta a rubuce.

Dalilin wannan gaggawa ba ɓoyayye ba ne ga mutanen jihar nan. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wasu mutane ɗauke da makamai suka ɗauke shi a gidansa da ke Barnawa a Kaduna a farkon Agustan 2019, hukumomin tsaro suka ce ba ya hannunsu, shekaru suka yi ta shuɗewa ba labari. Muddin ba a samu wata hukuma ta amsa cewa mutum yana wurinta ba, babu wanda za a riƙe da alhakin ransa.

Idan an tabbatar da inda yake, sai a buɗe kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 35, wanda ya kamata kowane shugaban reshen ƙungiya ya haddace shi kamar karatun allo. Sashen ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin yini ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, ko yini biyu idan babu, in ban da inda tuhumar ta kai ga hukuncin kisa. Zariya kuwa ba ta rasa kotunan majistare da Babbar Kotu ba, don haka uzurin nisa ba ya tasiri a nan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara da hana kama wani a madadin wani, wato ba a riƙe uwargida ko ɗa don maigida ya fito, ta ce a rubuta jerin kayan da aka karɓe daga hannun wanda aka kama, ta kuma tanadi a ɗauki jawabinsa a gaban lauyansa. Jihar Kaduna tana da tata dokar ta 2017 mai kama da wannan, wadda ita ce ke aiki a kotunan jiha.

Batun shiru ya fi wahala ga malamai fiye da kowa, kuma ban faɗi wannan don raha ba. Mutumin da ya saba tsayawa awa biyu yana bayani yakan ɗauka cewa idan ya warware wa jami'i yadda abin yake za a gane a sallame shi, sai ya cika shafi shida da hannunsa, ya ambaci sunayen abokai da na waɗanda ya yi hira da su, alhali baki shi ke yanka wuya. Saƙon farko da za a isar masa shi ne kada ya rubuta komai, kada ya sa hannu a komai, sai lauya na zaune.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. A kotu kuwa, sau da yawa ana gindaya sharaɗin mai tsayawa ya zama babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a yankin, saboda haka tun ranar farko a nemi abokan aiki biyu ko uku da suka amince, su haɗa katin shaidar aiki, hotuna da takardar ƙarin girma ta ƙarshe. Dokar 2015 ta fayyace cewa mace tana iya tsaya wa mutum. Abin takaici ne alƙali ya ba da beli ranar Alhamis, mutum ya kwana huɗu a tsare don ba a shirya takardu ba.

Kai magana gaban alƙali

Idan wa'adin ya wuce ba a sake shi ba, ba a kuma gurfanar da shi ba, kada a tsaya jiran alfarma. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba da damar zuwa Babbar Kotu, ta jiha a nan Zariya ko ta tarayya a Kaduna, kuma ƙa'idojin tilasta haƙƙoƙi na 2009 sun sauƙaƙa hanyar ƙwarai. Ba sai wanda aka tsare ya sa hannu da kansa ba. Matarsa, ɗan'uwansa ko ƙungiyarsa na iya shigar da ƙarar a madadinsa, wanda ya san abin da ya faru ya yi rantsuwa. Ƙa'idojin sun ce a sa ranar sauraro cikin kwana bakwai, kuma idan rai ko 'yanci na cikin haɗari lauya na iya roƙon umarnin gaggawa na a kawo mutumin gaban kotu. Ganinsa a tsaye a gaban alƙali, kowa ya ga lafiyarsa, shi kansa rabin nasara ne.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Na farko shi ne takardar ajiya, inda ake kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin, a karɓi umarnin ci gaba da tsare shi da sunan ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. A dokar tarayya wannan umarni kwana 14 ne a karon farko, kuma sabunta shi yana da iyaka, don haka lauya ya riƙe kwanakin, ya kasance a kotu ranar da wa'adin zai cika, in ba haka ba fayil ya kwanta, mutum ya shekara a gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Na biyu shi ne dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, wadda ta ba kotu damar amincewa a tsare mutum har kwana 60 bisa roƙon hukuma ita kaɗai, ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ana iya komawa gaban alƙalin a nemi ya janye umarnin, musamman idan abin da ake kira hujja bai wuce maƙala ko lacca ba. Idan kuwa tuhumar ta rubutu ce a Facebook ko makamancinsa, galibi sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake jawowa, sashen da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma taƙaita shi a gyaran 2024. Lauya ya duba ko da tsohon lafazin aka rubuta tuhumar.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya, a kuma kai ƙorafi a rubuce ga ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kaduna. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa manyan majistarori ziyarar wuraren tsare mutane na 'yan sanda duk wata, kuma babu laifi lauya ya ja hankalin majistare ga sunan wani da ke ciki.

Kada a ɗauka umarnin kotu shi ne ƙarshen tafiya. Mutanen Zariya sun ga yadda Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin sakin Sheikh Ibrahim Zakzaky a Disambar 2016, amma bai fito ba sai a Yulin 2021, bayan Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallame shi. Ko mutum ya yarda da aƙidarsa ko bai yarda ba, darasin ɗaya ne: bayan an samu umarni sai an bi shi da isar da shi ga hukumar a rubuce, da ƙarar raina kotu idan ta ƙi, da kuma matsin lambar jama'a.

A yi shela ko a bi ta ƙarƙashin ƙasa

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan masu taimako. Dattawa sukan ce a bi a hankali, a nemi wani babba ya yi magana, kuma al'adarmu ta san wannan hanya tun da daɗewa; Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi masa tayin kyauta a Magami, ƙin karɓa ya yi, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi da kuma a saki waɗanda ke kurkuku. Ceto ta hannun sarakuna, shugaban jami'a ko manyan tsofaffin ɗalibai yana aiki, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Sharaɗina kawai shi ne a sa masa wa'adi, a kuma ci gaba da shirin kotu a gefe, domin "ku yi shiru ana ƙoƙari" ta sha cinye watanni. Matthew Hedges, ɗalibin digirin digirgir daga Jami'ar Durham ta Ingila, an kama shi a Hadaddiyar Daular Larabawa a Mayun 2018, iyalinsa suka yi watanni suna shiru, sai da maganar ta fito fili a watan Oktoba abubuwa suka motsa. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Nuwamba, aka yi masa afuwa bayan 'yan kwanaki. A gida ma, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwambar 2022 kan wani rubutu game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, an janye tuhumarsa ne bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi shelar zanga-zanga.

Hukuncin fita fili na wanda aka tsare ne idan ana iya jin ta bakinsa, in ba haka ba na iyalinsa ne tare da lauya. Idan an yanke shawarar fita, a naɗa mutum ɗaya mai magana, a tsaya kan abin da aka tabbatar: wane ne shi, me yake koyarwa, yaushe aka kama shi, kwana nawa ke nan, wane sashen doka aka taka, me ake nema. Magana zarar bunu ce, ƙarya ɗaya da aka kama a sanarwarku ta isa ta rushe gaskiya goma. A guji juya batun ya koma na ƙabila, ɗariƙa ko jam'iyya, kuma zai fi ƙarfi idan cikin masu sa hannu akwai waɗanda kowa ya san ba sa ga maciji da shi a fagen ra'ayi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba lokacin tuna muhawarar da kuka yi a ɗakin taro ba ne.

Kujerarsa, ɗalibansa da takardunsa

Nan ne 'yancin ilimi yake zama abin taɓawa da hannu, kuma nan ne aka fi sakaci. A rana ta farko ko ta biyu shugaban sashe ko reshen ƙungiya ya rubuta wa magatakardan makaranta cewa Malam wane yana tsare a wuri kaza tun ranar kaza, domin kada a wayi gari an ba shi takardar neman bahasi kan rashin zuwa aiki, ko a ce ya gudu ya bar aikinsa. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar, don haka kamu kaɗai bai isa hujjar kora ba. Dokokin da suka kafa da yawa daga cikin jami'o'in tarayya sun tanadi rabin albashi ga wanda aka dakatar, sun kuma wajabta wa majalisar gudanarwa ta duba batunsa cikin wata uku, a ba shi damar kare kansa. A karanta dokar makarantar da ƙa'idojin aikinta da kyau, a riƙe hukuma da su. Idan an yi kora ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma kada a yi jinkiri, domin lauyoyin hukuma sukan kafa hujja da wa'adin wata uku na dokar kare jami'an gwamnati. Malamai 49 na Jami'ar Ilori da aka kora a 2001 sun yi nasara a Kotun Ƙoli, amma sai a 2009, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Kwasa-kwasansa a ba wani ya riƙe da sunan riƙo, a rubuta haka a takardar rabon aiki. Ɗaliban da yake duba kundinsu a haɗa su da mataimakin mai dubawa domin kada karatunsu ya tsaya, amma kada a cire sunansa, kada kuma a matsa musu su sauya batun bincike don tsoro. Idan sashe ya fara goge take daga jerin kundaye saboda an kama mutum ɗaya, to masu kamun sun sami abin da ya fi ɗaure shi.

Sai batun waɗanda ya yi hira da su. Mai bincike yakan ɗauki muryar manomi, mai unguwa ko matar da aka raba da ƙauyenta bisa alkawarin ba za a bayyana sunansu ba, kuma wannan amana ce. Idan an tafi da wayarsa ko kwamfutarsa, lauya ya nemi ganin umarnin kotun da ya ba da izinin bincikarsu, ya nemi jerin abin da aka ɗauka, a kuma sanar da kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta domin a duba yadda za a faɗakar da waɗanda abin zai iya shafa. Abin da ba za a yi ba shi ne goge bayanai ko ɓoye na'ura bayan an fara bincike, domin wannan laifi ne mai zaman kansa da zai jawo wa mai taimako ɗauri. Kariyar gaskiya tun farko ake yinta, ta hanyar raba sunaye da muryoyi da kulle su da kalmar sirri.

Lafiyarsa da hankalinsa a ciki

Malamai da yawa sun manyanta, hawan jini da ciwon suga ba baƙi ba ne a cikinsu, kuma kwana uku ba magani na iya yin ɓarnar da shari'a ba za ta gyara ba. A kai maganin da takardar likita, a tsara masu kai abinci bi da bi, a tara ɗan abin da za a riƙe gidansa da shi ba tare da an sa uwargida yawon roƙo ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga mai azabtarwa, ta kuma ba wanda aka tsare damar likitan da ya zaɓa ya duba shi. Duk mai ziyara ya lura da tafiyarsa, fuskarsa da muryarsa, ya rubuta abin da ya gani da zarar ya fito. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun hana keɓe mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun kuma yarda wanda ba a yanke wa hukunci ba ya samu littattafai, jaridu da kayan rubutu da kuɗinsa. Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Wole Soyinka, da aka tsare daga 1967 zuwa 1969, mafi yawa a kurkukun Kaduna, hana shi littafi da takarda na cikin manyan azabobin da ya sha. A nemi izini a rubuce a kai masa Alƙur'ani ko littafin addininsa, da littattafan fanninsa, har da babin kundin ɗalibi ya duba idan hukumar gidan ta yarda.

Ƙofofin waje

Idan gida ya cije, akwai inda za a ƙwanƙwasa. Kotun ECOWAS tana Abuja, kuma tun 2005 take karɓar ƙarar take haƙƙi daga ɗaiɗaikun mutane ba tare da sharaɗin sai an gama da kotunan gida ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, wanda aka kafa a 1991, yana karɓar ƙorafi daga iyali ko ƙungiya, yana kuma aika wa gwamnati kiran gaggawa. Ƙungiyar Scholars at Risk mai mazauni a Jami'ar New York tana tattara irin waɗannan batutuwa, tana rubuta wa gwamnatoci, tana kuma nema wa malaman da ke cikin haɗari gurbin wucin gadi, kamar yadda Cara ta Birtaniya take yi tun 1933. A wasiƙunku kuna iya kafa hujja da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar gida, da Sanarwar Kampala ta 1990 kan 'yancin masana, da shawarar UNESCO ta 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da ƙarfin tilastawa, amfaninsu shi ne nuna cewa abin da kuke nema ba ku kuka ƙirƙiro shi ba. Dukkan waɗannan wurare tambayoyinsu ɗaya ne, wato ranaku, sunayen hukumomi, takardun kotu da izinin iyali, abin da ke cikin fayil ɗin da kuka buɗe tun daren farko.

Bayan ya fito

Ranar sakin mutum gida yakan cika da 'yan barka, bayan mako guda kuma kowa ya koma harkarsa, alhali sau da yawa tuhumar tana nan, fasfo da kwamfuta suna hannun hukuma, kuma sharuɗɗan beli sun hana shi tafiya taro. Ngugi wa Thiong'o ya fito daga kurkukun Kamiti na Kenya a Disambar 1978 bayan shekara guda, amma ba a mayar da shi kujerarsa a Jami'ar Nairobi ba. Saboda haka a kai shi asibiti a duba shi sosai a ajiye rahoton, a ci gaba da raka shi kotu duk ranar zama, lauya ya nemi a dawo da kayansa ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka rubuta, a bi bashin albashinsa da ƙarin girman da ya wuce shi. Idan tsarewar ta saɓa doka, ƙaramin sashe na 6 na sashe na 35 ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi, kuma ƙa'idojin 2009 sun ce tsufan lokaci ba ya kashe irin wannan ƙara, don haka yana iya hutawa tukuna kafin ya yanke shawara. A sashe kuwa, shugaban sashe ya rubuta wa magatakarda cewa Malam ya dawo bakin aiki ranar kaza, a mayar masa da kwasa-kwasansa da ɗalibansa a zangon karatu mai zuwa, a kuma sa sunansa a jadawalin gabatar da maƙala na tsangaya, a kan batun da yake bincike kafin a kama shi idan shi ya zaɓi haka.